Ƙwaryar Goggo da Cikin Ɗan Tsako

Goggona, ƙanwar mahaifina, ta shafe sama da shekara 30 tana sayar da kindirmo, ban kuma taɓa ganin wanda ya saya ya dawo da ƙorafi ba. A hannunta na tashi, a wani ƙauye mai maƙwabtaka da rugagen Fulani, saboda haka aikin nan da idona na san shi. In an kawo madara, sai ta tace ta da farin ƙyalle, ta ɗora a murhu har ta tafasa, ta sauke. Ƙwaryar da za a zuba kuwa tun da hantsi an wanke ta an shanya a rana. Goggo ba ta gaggawa. Takan jira madarar ta huce, tana ɗan taɓawa da bayan yatsa, sai ta ji ɗumin ya yi daidai da na jikin mutum, sannan ta ɗebo rabin ludayi daga kindirmon jiya ta zuba, ta juya, ta rufe da faifai, ta kai ƙuryar ɗaki inda iska ba ta kaiwa. Wannan ragowar ta jiya ita take kira iri. Kafin kiran assalatu madara ta yi barci, ta kama gam.

Wata shekara sai aka yi kwana uku a jere madara ba ta yi barci ba. Ƙwarya ita ce dai, iri shi ne, hannun ma nata ne, amma da safe sai a tarar da ruwa tsululu. Da Bafulatanar da ke kawo mata madara ta zo, Goggo ta shimfiɗa mata tabarma, suka gaisa, sannan ta tambaye ta ko wani abu ya sami shanun. Ta ce ai biyu daga ciki ne ba su da lafiya, an yi musu allura, ba a kuma daina tatsarsu ba. Goggo ta yi shiru, can ta juyo ta ce da ni, "Ka ji ko, ɗan nan? Maganin nan ne ya biyo nono ya kashe mini iri."

Goggo ba ta shiga aji ba, amma abin da ta faɗa shi ne masana suka tabbatar. Kindirmo aikin wasu ƙananan halittu ne da ido ba ya gani, bakteriya masu mayar da zaƙin madara ya zama tsami. Maganin da aka yi wa saniya don ya kashe masu cuta bai san nagari da mugu ba, duk wanda ya tarar haɗawa yake yi.

Ban sake tuna wannan magana ba sai bayan shekaru masu yawa, lokacin da na zuba buroila 200 a bayan gidana ina harin kasuwar ƙaramar Salla. Ranar da na karɓo 'yan tsakin, mai shagon ya haɗa mini da ƙullin magunguna, ya ce, "Yallaɓai, wannan a ruwa tun daga yau har kwana biyar, ka ɗan huta, ka sake. Shi ke sa su tashi da wuri." Na tambaye shi ko tsakin ba su da lafiya ne. Ya ce lafiyarsu ƙalau, haka kowa ke yi. Da na duba jikin ledar, sai na ga ashe ɗan'uwan kafso ja da rawayan nan ne da ake saye a kemis.

Ba a wajenmu wannan al'ada ta faro ba. A ƙarshen shekarun 1940, wasu masana biyu a Amurka, Thomas Jukes da Robert Stokstad, suna neman hanya mai araha ta sama wa kaji bitamin B12. Sai suka gwada ba 'yan tsaki ragowar da ke kwantawa a tukunya bayan an tace wani sabon maganin ƙwayoyin cuta mai suna oriyomaisin. Tsakin suka yi girman da bitamin kaɗai ba zai ba su ba. Da aka bi diddigi, ashe ɓurɓushin maganin da ya saura a ciki ne ya yi aikin. A 1950 aka sanar da duniya, a 1951 hukumomin Amurka suka yarda a riƙa zuba irin waɗannan magunguna a abincin dabbobi ba tare da takardar likita ba. 'Yan giram kaɗan a cikin tan guda na abinci, kullum, tun daga ƙyanƙyasa har kusan ranar yanka.

Tun a wancan zamani masu bincike suka lura da wani abu da ya kamata kowane mai kiwo ya riƙe. Tsakin da aka rena a sabon ɗaki tsaf, maganin ba ya ƙara musu abin kirki. Waɗanda aka rena a killace, babu bakteriya ko ɗaya a jikinsu, ba ya ƙara musu komai. Inda ya fi nuna kansa shi ne tsohon ɗaki mai cunkoso da danshi. Ke nan maganin ba ya gina tsoka da kansa. Aikinsa danne ƙwayoyin da ƙazanta ta tara a hanji, don kaza ta samu ta mori abin da ta ci. Kamar matar da ta ƙi wanke ƙwarya ce, ta koma ɗiga magani a madara don kada ta yi wari. Warin zai lafa, ƙwaryar kuwa tana nan da dattinta, kindirmo ma ba zai samu ba.

Bashin wannan sauƙi a asibiti ake biyansa. Magani kaɗan-kaɗan kullum ba ya gamawa da ƙwayoyin cuta. Masu rauni yake kashewa, masu taurin kai su tsira, su hayayyafa, su gadar wa zuriyarsu taurin, har su ara wa waɗanda ba danginsu ba. Kowa ya san yaron da ake yi wa tsawa safe da yamma, kwana kaɗan tsawar ta zame masa kiɗa. Waɗannan ƙwayoyi kuma ba sa tsayawa a ɗakin kaji. Suna bin nama zuwa madafa, suna bin hannun mai fige, suna bin kashin kajin da ake saye buhu-buhu a kai fadama, inda ake noman latas da kabeji da tumatir ɗin da za mu ci ɗanye.

Ingila ce ta fara ankara. A 1969 kwamitin da Farfesa Michael Swann ya jagoranta ya ba da shawarar a daina sa magungunan da mutane ke dogaro da su a abincin dabbobi don ƙiba. Suwidin ta hana baki ɗaya a 1986. A Denmak an gano cewa wani magani mai suna abofasin, da ake ba kaji da aladu, yana renon ƙwayoyin da ba sa jin bankomaisin, maganin da likitoci ke ajiyewa sai ciwo ya gagari saura, don haka suka hana shi a 1995. Tarayyar Turai ta rufe ƙofar gaba ɗaya ranar 1 ga Janairun 2006. Amurka, inda abin ya faro, daga 2017 ta hana ƙibar da dabbobi da magungunan da mutane ke buƙata. A Sin, bayan da aka gano a 2015 cewa ƙwayoyin cuta sun fara bijire wa wani magani mai suna kolistin suna kuma miƙa wa juna wannan bijirewa, an cire shi daga abincin dabbobi a 2017. Mu ne kuwa ya fi kamata mu damu. Wani babban bincike da mujallar Lancet ta buga a 2022 ya ƙiyasta cewa a 2019 kaɗai mutum miliyan 1.27 suka mutu a duniya saboda bakteriyar da suka daina jin magani, kuma in aka auna da yawan jama'a, Afirka ta Yamma ce ta fi kowane yanki asara. Ba kaji kaɗai suka jawo wannan ba, yadda mu kanmu muke shan magani barkatai yana da kaso mai tsoka. Amma ciyar da lafiyayyar kaza magani safe da yamma ƙarin itace ne a wutar da ta riga ta kama.

Da na fahimci haka, sai na yi abin da masu kiwo da yawa ke yi, na tafi neman wata leda da za ta maye gurbin waccan. A zubi na biyu na ajiye maganin, na sayi garin da ke ɗauke da ƙwayoyi masu amfani, ban sauya komai a ɗakin ba. Lokacin damina ne. Mazubin ruwa yana yoyo, shimfiɗar ɓuntu ta jiƙe ta danƙare, in ka shiga da safe wari ya sa idonka hawaye. A mako na huɗu kaji suka fara takurewa, fukafukai a sake, kashi da jini-jini. Na rasa 31 kafin likitan dabbobi ya shawo kan abin. Ya buɗe ɗaya daga cikin matattun ya nuna mini hanjin, sannan ya damƙi shimfiɗar ya matse, ta dunƙule a hannunsa kamar fura. Ya ce, "Malam, garin da ka saya ba shi da laifi. Ɗakin nan ne ya kashe su." A nan Goggo ta faɗo mini a rai. Na zuba iri mai kyau a ƙwaryar da ban wanke ba.

Tun daga ranar na daina neman abu guda da zai yi aikin maganin. Kindirmon Goggo ba iri kaɗai ke yinsa ba. Akwai wankin ƙwarya, da tafasa, da jiran ɗumi, da iri, da faifai. Ka cire ɗaya, sauran su tashi a banza. Haka kiwon buroila yake in an janye magani daga abinci.

Ƙwarya ita ce ɗaki. In an kwashe zubi, a fitar da shimfiɗa duka, a wanke bango da daɓe da mazubai, a yi feshi, a bar ɗakin ya sha iska kamar mako biyu kafin a kawo sababbi. Kada a haɗa manya da ƙanana a wuri ɗaya, domin abin da babba ya saba da shi kan kayar da ƙarami. Shimfiɗa, ko ɓuntun shinkafa ce ko ta katako, in ka matse ta a hannu ka saki, ta warware. In ta dunƙule, ruwa ya yi yawa, kuma a irin wannan danshi ne ƙwan cutar kashin jini ke nuna. Ita ce ke fara raunata hanji, sai wata bakteriya da dama tana zaune a ciki ta samu ƙofa ta ruɓar da shi, domin sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Cutar kashin jini ba bakteriya ke kawo ta ba, tana da nata maganin da nata rigakafin daban, kuma wannan shawara ce da za a yanke da likita tun kafin tsaki su iso. Faifai kuwa shi ne ƙofa: takalmin shiga ɗaki daban, ruwan magani a bakin ƙofa, ɓera da tsuntsaye a waje, mai saye ya tsaya a tsakar gida a fito masa da kaza.

Ɗumin da Goggo ke aunawa da yatsa, tsaki ma suna da nasu. A makon farko suna son zafi wajen digiri 32 zuwa 33, ana ragewa sannu a hankali kowane mako. Ko babu ma'auni su da kansu za su faɗa maka. In ka leƙa da dare ka ga sun curu a jikin tukunyar gawayi suna kuka, sanyi suke ji. In sun gudu gefe suna haki, baki a buɗe, zafi ya yi yawa. In sun bazu ko'ina, wasu na ci, wasu na barci, ɗakin ya yi daidai. Ɗan tsakon da ya sha sanyi a kwana ukun farko ba ya ci sosai, hanjinsa ba ya ginuwa da kyau, kuma wannan giɓi yana binsa har kasuwa.

Madara ita ce abinci da ruwa. Masarar da ta yi fumfuna da ƙuli-ƙulin da ya sha danshi suna ɗauke da gubar afalatoksin, mai lalata hanta da raunana garkuwar jiki. A 1960 talotalo wajen 100,000 suka mutu a Ingila saboda garin gyaɗa mai wannan guba da aka shigo da shi daga Barazil, a nan ma aka fara gano ta. Buhun abinci a ɗora shi kan katako, nesa da bango, kada a tara na wata da watanni. Ruwan da ba za ka iya sha ba, kada ka ba kaza.

Sai iri. Kazar gida in ta ƙyanƙyashe, tsakinta suna bin ta suna tsattsagar ƙasa inda ta yi kashi, ta haka suke gadon ƙwayoyin cikinta masu amfani tun ranar farko. Ɗan tsakon inji bai taɓa ganin uwarsa ba. Cikinsa kamar tafasasshiyar madara yake, duk wanda ya riga shiga shi ne mai gida. A Finlan, wani masani mai suna Esko Nurmi da abokiyar aikinsa sun nuna a 1973 cewa in aka ba sababbin tsaki ɗan abin da ke cikin hanjin lafiyayyar babbar kaza, salmonela ba ta samun wurin zama a cikinsu. Masu amfani sun riga sun cika wurin, sun cinye abincin, sun tsamar da hanjin. Daga wannan tunani ne garin ƙwayoyi masu amfani da ake sayarwa yau ya bunƙasa. Wasunsu dangin na kindirmo ne. Wasu kuma irin bakteriyar da ke mayar da kalwa daddawa ne, an fi son su a masana'anta saboda suna jure zafin injin da ke dunƙula abinci. Abu mai rai ne, don haka ledar da ta daɗe a rana ko ta wuce wa'adinta ba ta da sauran amfani. Kuma in aka haɗa shi da maganin kashe ƙwayoyi a ruwa ɗaya, labarin saniyar allura aka maimaita. Akwai kuma abin da ake ƙarawa don ciyar da irin kansa, kamar ɓawon yis, wanda wasu miyagun ƙwayoyi ke maƙalewa a jikinsa su fita tare da kashi maimakon su kama bangon hanji.

Tsami ma makami ne, kowace mai ɗaki ta sani. Madara ba ta wuni lafiya a zafinmu, kindirmo kuwa yana kwana. Kamu da kunun tsamiya ba sa saurin lalacewa. Haka masu haɗa abincin kaji ke zuba sinadarai masu tsami, irin na lemon tsami da na khal da wanda ke ba tsohon man shanu warinsa. Wannan na ƙarshen abinci ne ga bangon hanji, yana taimaka masa ya yi ƙwari. Sai dai a auna. In ya yi yawa kaji su ƙi shan ruwa, yana cin mazubin ƙarfe, kuma ranar da za a ba da rigakafi a ruwa ba a sa shi, domin zai kashe rigakafin.

Mai kunun zaƙi ta san wani sirrin. In ta dama kunu ya yi kauri, sai ta zuba niƙaƙƙen ɗanyen dankali, kafin wani lokaci ya saki ya yi zaƙi. Akwai sinadari a dankalin mai warware sitaci. Irin wannan ake sa wa abincin kaji, ana kiransu enzayim. Dusar alkama tana yin yauƙi a hanji ta hana narkewa, akwai mai tsinka wannan yauƙin. Mafi yawan fosfaras ɗin da ke cikin hatsi da waken suya a ɗaure yake, kaza ba ta iya kwance shi, akwai mai kwancewa don ƙashi ya yi ƙarfi. Amfanin bai tsaya ga ƙiba ba. Abincin da bai narke ba yana gangarawa ƙarshen hanji ya zama liyafar miyagun ƙwayoyi, kamar yadda kwanon da aka bari da sauran tuwo ke tara ƙuda.

Kayan yaji su ne suka fi jan hankalin mutanenmu, da dalili kuwa. Citta, tafarnuwa, kanumfari, kirfa, habbatus sauda da zogale duk suna kasuwarmu, mun kuma san yadda yaji ke buɗe wa mai jego ciki. A cikinsu akwai sinadaran da ke motsa ruwan narkar da abinci su kuma takura wa wasu ƙwayoyi. Jami'o'inmu, har da ta Ahmadu Bello da ke Zariya, sun yi gwaje-gwaje da dama a kan buroila da irin waɗannan. Sakamakon yakan bambanta, wani gwaji a ga ƙari, wani a ga babu, domin ƙarfin citta ya danganta da inda aka noma ta da yadda aka busar da ita. Zogale in ya yi yawa a abinci yana rage girma. Yaji gyaran miya ne, ba a cika tukunya da shi, kuma ba ya tsayar da annoba. Gumboro da cutar da ake ba da rigakafin Lasota dominta ƙwayoyin bairas ne, maganin bakteriya ma bai taɓa yi musu komai ba. Abinsu rigakafi ne a kan lokaci, wanda aka riƙe cikin ƙanƙara tun daga shago har mazubi. Cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta ƙasa da ke Vom a jihar Filato tana cikin masu yin su.

Mai kiwo zai ce duk wannan ɗawainiya ce, ga abinci yana cinye kusan kashi biyu cikin uku na jari. Gaskiya ne, hanyar tana son ido da hannu fiye da yage leda. Amma an bi ta an ga inda ta kai. Masu buroila a Denmak sun ajiye magungunan ƙiba a 1998, kiwonsu kuma bai durƙushe ba. Abinci ya ɗan ƙaru, kuɗin magani ya fita daga lissafi. Ƙwayoyin nan masu bijire wa bankomaisin a cikin kajinsu sun sauko daga sama da kashi 70 cikin 100 a 1995 zuwa ƙasa da kashi 6 a 2000. Ni ma a zubi na uku, da na gyara mazubai, na rage yawan kajin, na riƙa juya shimfiɗa kowace safiya, sun kai kasuwa ban buɗe ledar magani ba. Wannan ba ya nufin a bar kaza marar lafiya ta mutu. Dabba amana ce. In ciwo ya zo a kira likita, a ba da maganin da ya dace, cikakke, a cika kwanakinsa, sannan a jira kwanakin da aka rubuta a jikin leda kafin a sayar. Saniyar Bafulatana ma tana da haƙƙin allurarta, kuskuren shi ne kawo nononta kasuwa kafin maganin ya fita.

A waccan shekarar da madara ta ƙi barci, a rana ta huɗu Goggo ta roƙi a ware mata nonon shanun da ba a yi wa allura ba. Ta sake wanke ƙwarya, ta tafasa madara, sannan ta miƙo mini ƙaramin ƙoƙo ta ce in je gidan maƙwabciyarmu in ce ta sam mata iri. Na dawo da shi a hannu biyu ina tafiya a hankali don kada ya zube. Washegari madara ta yi barci. Irin kindirmo in ya mutu, ana samunsa a bayan katanga. Ranar da ɗanka ke kwance a gadon asibiti, likita ya gwada magani na farko da na biyu da na uku zazzaɓi bai sauka ba, babu maƙwabciyar da za a aika wa ƙoƙo. Wannan nake tunawa duk safiyar da na durƙusa a ɗakin kaji na damƙi ɓuntu, ina dubawa ko zai warware a hannuna.